Motar Honda Civic mai injin lita 1.6 za ta iya tseren mita 402?

Ɗan'uwa, ka ce kana da Civic mai injin B16A, kana son ƙarfin tseren gajeren zango na mita 402 ba tare da sauya inji ba. Zai yiwu, amma kada ka fara da sayen turbo.

Ƙaramin inji iska yake nema, turbo kuma ita ke tura masa. Sai dai sandunan fistan na kamfani sirara ne, da matsi ya yi yawa sai su lanƙwashe, wani lokaci ɗaya ya fasa bulok, wato gangar jikin injin, ya leƙo waje. Sa fistan da sanduna na ƙarfen da aka buge, ka rage matsin silinda zuwa kusan 9:1, ka ɗaure kan injin da kusoshi masu ƙarfi na kamfanin ARP. Bulok ɗin alminiyom ne, saman silindunsa a buɗe yake, don haka in burinka babba ne sai an sa masa hannun riga na ƙarfe, wato bututun da ke ƙarfafa bangon silinda.

Injekta da famfon mai su ƙaru. Kuloci ma a sa mai ƙarfi.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne saitin kwamfutar injin. Mai ya yi kaɗan na 'yan daƙiƙu, fistan ya narke. Nemi gwani mai na'urar daino da ke auna ƙarfin inji, kuma a gwada a filin tsere, ba kan titi ba.