Amsa ga mai tambaya kan faifan Orquesta Aragón

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci faifan garmaho a akwatin marigayi mahaifinka da sunan Orquesta Aragón a jiki, kana son sanin su wane ne. Allah ya jiƙan Baba. Kada ka kuskura ka yar da shi.

'Yan Kuba ne. Orestes Aragón ya haɗa ƙungiyar a garin Cienfuegos a 1939, rashin lafiya ta sa ya miƙa wa Rafael Lay ragama a 1948, kuma a hannun Lay suka yi tashe da kiɗan cha-cha-cha. Salonsu charanga ake ce masa: ba kakaki ba hayaniya, sarewa ce da gogen Bature da fiyano da ganguna, sai wata 'yar ƙwarya mai zane da ake karta.

Ni a shagon kawuna na san su, mai gyaran rediyo ne a Yamai. In ya gama gyara garmaho, da waƙarsu "El Bodeguero" yake gwada shi. Sai ya busa faifan, ya goge da bakin riga, ya ɗora allura a hankali. Da sarewar Richard Egües ta shigo, za ka ga tsofaffin ma'aikata da ke zaune a benci sun fara kaɗa ƙafa, suna rera Sifaniyancin da ko kalma ɗaya ba su ji. Mu yara muna ta dariya. Sai da na girma na gane cewa sarewar nan ce ke jan rawar gaba ɗaya, gangunan bin ta kawai suke yi.

Sun zo Afirka da ƙafarsu a shekarun 1970, har Gini da Mali, inda aka riga aka haddace waƙoƙinsu. Lay ya rasu a hatsarin mota a 1982, daga baya ɗansa ya gaje shi, ƙungiyar ba ta watse ba.

Maganar lambar yabo kuwa, a ganina an makara ƙwarai. Sai a 2020 suka karɓi Latin Grammy da kundin "Ícono", suna da shekara 81 da kafuwa, bayan yawancin waɗanda suka yi ainihin aikin sun kwanta dama.

Faifan naka ka ajiye shi a tsaye, nesa da rana. Na kawu guda biyu zafin soro ne ya lanƙwasa su. Duba bayan kwalin ka faɗa mana ko sunan kamfanin faifai RCA Victor aka rubuta.