Ƙaiƙayi ya faɗa idon yaro: a ɗiga nono ko a lashe?

Ƴar'uwa, kin ce ana sheƙar hatsi ƙaiƙayi ya faɗa idon ɗanki, kakarsa ta ce a ɗiga masa nono ko a lashe da harshe. Mu ma a Maraɗi da hakan muka tashi. Ina tuna yadda Inna take buɗe min ido da yatsu biyu ta hura. Amma miyau da nono suna iya kai ƙwayoyin cuta, idon kuwa wataƙila ya riga ya karce.

Na farko, riƙe hannunsa kada ya murza, murzar na iya karce ido har ta jawo hakiya. Ki wanke hannu da sabulu, ki zuba ruwa mai tsabta a kwano, ya tsoma fuska yana ƙifta ido. In abin ya maƙale a ƙarƙashin fatar ido ta sama, ki jawo fatar ki ɗora kan ta ƙasa, hawaye kan turo shi. Banda kwalli, banda tsinke.

In ya kwana ido ja, yana gudun haske, ku je wurin likitan ido a babban asibiti. Ɓarɓashin ƙarfen walda kuwa kada ma a taɓa. Ruwan batir ko siminti, a yi ta kwarara ruwa minti 20 sannan a ruga asibiti.