Tambayi Likitan Dabbobi: Horon lab da ake ɗaukar nauyi, da gaske ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikaciyar lab ce a wani asibitin dabbobi a yankin Yawuri. Ƙawata ce ta turo min talla a WhatsApp wai ana ɗaukar nauyin ma'aikatan lab su je horo kan gano tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar jinin dabbobi, har kuɗin jirgi da masauki, amma wai sai an fara tura kuɗin fom. Dan Allah akwai irin wannan kuwa? Kuma ni mai difloma za su ma kalle ni? Wallahi abin na damuna, makiyaya su kawo kashi da jini in duba in rasa abin da zan ce musu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Horon akwai shi, amma wanda aka turo miki ɗin nan kar ki tura ko sisi, wanda zai biya miki jirgi me zai yi da kuɗin fom ɗinki? Hukumomi irin su FAO (hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya) da IAEA (hukumar makamashin nukiliya ta duniya) suna da ɗakunan bincike na haɗin gwiwa a ƙasar Ostiriya inda suke horar da ma'aikatan lab na dabbobi daga Afirka, akwai kuma ILRI, cibiyar binciken dabbobin kiwo ta duniya, a Nairobi ta Kenya, to su waɗannan a shafinsu na intanet suke sanarwa, kuma galibi ta hannun gwamnati ko ma'aikatarki ake miƙa suna, kenan takardar shugabanki da ta daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha ta fi komai nauyi. A gida ma kar ki raina, ga NVRI, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, a Vom ta jihar Filato tun 1924 take wannan aiki, ga cibiyar NITR a Kaduna masu binciken cutar sammore, ga tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Danfodiyo nan kusa da ke a Sakkwato.

Maganar difloma kuwa, wasu kwasakwasan digiri suke nema, wasu kuma mai aikin hannu a lab suke so, sai ki karanta sharuɗɗan kowanne.

Amma ni abin da ya fi tsaya min shi ne ƙarshen wasiƙarki, don na san zafin makiyayi ya taso tun daga ruga ya tsaya yana kallon bakinki. Yawuri bakin Neja kuke, shanu na kiwo a fadama suna shan ruwa inda katantanwa take, ita ce kuwa ke rainon tsutsar hanta kafin ta manne a ciyawa saniya ta ci. To ga inda da yawa ke faɗuwa, ƙwan tsutsar hanta nauyi gare shi, in ruwan gishiri kaɗai kike amfani da shi ba zai taso sama ba, sai ki ce wa mutum saniyarsa lafiya lau alhali hantar tana lalacewa. Shi sai an dama kashin da ruwa an tace an bar shi ya kwanta, a zubar da na sama a duba na ƙasan, za ki gan shi ƙato ruwan ɗorawa, na tsutsar tumbi mai kama da shi kuma ya fi shi kodewa.

Ruwan gishirin na tsutsar ciki ne irin wadda ke shanye jinin tumaki da awaki da damina har ido ya yi fari, haɓa ta kumbura. Nan ma ba gani kaɗai ake so ba, ƙirgen ƙwai ake so, giram 4 na kashi cikin mililita 56 na ruwan gishiri, a cika gilashin ƙirgen ƙwai na Makmasta a ƙirga a ninka da 50, shi ne adadin ƙwai a giram ɗaya na kashi. In aka ba da magani sai a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14, in ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin ɗari ba to akwai alamar tsutsar ta daina jin maganin, kuma yadda ake ɗura maganin tsutsa albendazol a kasuwanninmu ba awo ba gwaji, wallahi wannan ƙirgen muna bukatarsa ƙwarai. Sammore kuma jinin ba ya son jira, cikin awoyi kaɗan ake sa shi a siririn bututu a juya a na'ura a duba tsakanin jan da farin, can ne ƙwayar ke motsi.

Shawarata ki sayi littafi tun gobe ki fara rubuta duk samfurin da ya shigo, daga wace ruga, wane wata, me kika gani, wanne ya gagare ki. Masu zaɓe suna son su ji me za ki yi da ilimin in kin dawo, to in kika rubuta musu cewa ga abin da na gani a wata shida a bakin Neja ga kuma inda na maƙale, kin fi mai dogon turanci. Ki kuma yi fasfo tun yanzu ki ajiye don sanarwar kan zo da wa'adi gajere. In kin haɗa takardar neman ki turo wa wannan fili zan duba miki kafin ki aika, insha Allah.