Takardar Duba-gari da Kwatar da Ba Tawa Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwatar layinmu ta toshe tun farkon damina, ƙazamin ruwa yana komowa ƙofar gidana. Duba-gari sun ba ni takardar gargaɗi, wai in gyara cikin kwana 7 ko a kai ni kotu, alhali toshewar tana can ƙasan layi. Ni bazawara ce mai yara 4. Yaya zan yi?
Wata uwa, daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki jefa takardar nan ƙarƙashin katifa, shirunki ne zai zama hujja a kanki.

Gobe da safe ki ɗauki hoton inda kwatar ta toshe da wayarki. Ki sa a rubuta miki wasiƙa zuwa ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, ki roƙi a sake zuwa dubawa, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Kwafi 2 za ki kai: su karɓi ɗaya, su buga miki hatimi da kwanan wata a ɗayan. Wannan hatimin ne ya fi muhimmanci, domin ƙorafin baka a ofis iska ke ɗauke shi. Kuɗi kuwa, kada ki ba kowa sai da rasit.

In aka yi biris da ke, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, kuma kyauta take sauraron koke. In sammaci ya zo, ki je kotu da takardunki.

Abin da ya fi damuna yaran nan ne. Ki hana su wasa a ruwan, ki riƙa tafasa ruwan sha in na rijiya ne, saboda amai da gudawa.