Tambaya da Amsa: Muna so mu ɗauki nauyin karatun nas, ta ina zamu fara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni manomin riɗi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gagarawa, mu goma sha biyu ne muke tara kuɗi a asusu ɗaya duk bayan kaka. Bara matar ƙanina ta rasu wajen haihuwa, jini ne ya ɓalle mata cikin dare kuma ɗan asibitin garinmu ba nas mace ko ɗaya, kafin a samo mota a kama hanyar Gumel rai yayi halinsa. Shine muka ce kuɗin bana a karatun yaranmu mata zamu sa, don su zama nas. Yara biyar ne suke so, wasu sunce a raba musu daidai kowa ya samu, ni dai hankalina bai kwanta ba. Sannan ko zakka tana shiga wannan aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙanta da rahama, ya baku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Wallahi saida na ajiye wasiƙar nan na ɗan yi shiru, don irin wannan daren na gan shi ba sau ɗaya ba lokacin ina aiki a ɗakin haihuwa.

Hankalinka da bai kwanta ba gaskiya ya faɗa maka. Kar ku raba kuɗin nan gida biyar. Karatun nas ba na shekara ɗaya bane, tsohon tsarin shekara 3 ne, wanda ake komawa yanzu na ND da HND, wato ƙaramar difloma da babbar difloma, ta hanyar JAMB shekara 4, digiri kuma a jami'a irin Bayero shekara 5. In kuka ba yara biyar kuɗin rajistar farko kowacce ta shiga da murna, shekara ta zagayo asusu ba komai, to kun samu yara biyar a gida ba mai lasisi ko ɗaya, ga ɓacin rai tsakanin iyaye. Ku zauna kuyi lissafi, yara nawa zaku iya riƙewa har ranar da zasu gama ko da damina bata yi kyau ba? In ɗaya ce to ɗaya ce. Sauran kuyi musu alkawarin baɗi.

Zaɓen ma kar a bi son rai ko 'yar wane ce. A duba takarda tukuna, sai da kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Nan ne yaran karkara suka fi faɗuwa saboda ƙarancin malaman kimiyya, shi yasa shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 ya riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyukan Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara ana musu karatun share fage kafin su shiga makarantun lafiya. Kaga kenan in yarinya mai ƙoƙari Kemistiri ne kawai ya kada ta, biya mata kuɗin sake jarabawa da na lesin shima babban taimako ne kuma ba shi da tsada.

Sai makaranta. Dan Allah ku kula, makarantun da ba su da rajista sun yi yawa, yarinya ta gama shekarunta a ce bata da damar zana jarabawar ƙarshe. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, ita ke amincewa da makaranta, ita ke sa sunan ɗalibi a rajistarta, ita ke bada lasisi. A Jigawa akwai makarantun gwamnati a Birnin Kudu, Haɗejia da Ɓaɓura, a Kano akwai ta Madobi da ta ungozoma a Dambatta. Tunda abin da ya tashe ku haihuwa ne, ku tambayi kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara 2, wanda dama don a koma ƙauye ayi aiki aka tsara shi.

Kuɗin makaranta ku biya ta banki kai tsaye ku adana rasit, kar ya bi ta hannun wani ɗan tsakiya da zai ce zai samo adimishan. Amma abin da masu taimako suke mantawa shine ƙananan kashe-kashe, yunifom, takalmi, littattafai, abinci, kuɗin mota lokacin da aka tura su asibiti koyon aiki, na sha ganin yarinya an biya mata rajista tsaf amma tana shiga aikin dare da garin kwaki a cikinta, wannan ba zata kai ba. Ku ware mata wani abu duk wata ko buhun gero ne da wake.

Kafin komai a zauna da mahaifin yarinyar da aka zaɓa, in akwai mai neman aurenta shima a kira shi, gaban dagaci da liman, a rubuta cewa zata gama karatu ko anyi aure, kuma zata dawo ta yiwa garin aiki shekara kaza. Ku sani ɗaukar aiki na gwamnati ne ba naku ba, don haka tun yanzu dagaci ya fara kai maganar ga ƙaramar hukuma.

Batun zakka, ni ba malama bace. Abin da na sani aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa kashi 8 da ake ba, farkonsu faƙirai da miskinai, ɗalibar da iyayenta basu da hali tana iya shiga nan, amma mutum ba ya ba wanda ciyarwarsa ke wuyansa kamar 'yarsa ta cikinsa. Ku kai wa limaminku maganar dalla-dalla, kuma a littafin asusu ku raba shafin zakka da na sadaka.