AC ta daina sanyi: garanti zai ɗauki nauyin gyaran?

Malam, ka ce AC ɗinka tana aiki amma iska kawai take hurawa, wata takwas da saye, mai gyara kuma ya ce a ƙara gas. Dakata tukuna.

Gas ɗin AC ba ya ƙarewa kamar na girki, zagayawa yake a rufaffen bututu. In ya ragu, to wani wuri na yoyo, galibi a mahaɗar bututun jan ƙarfe, inda za ka ga danshin mai. A ƙara ba a toshe ba, kuɗinka ya bi iska. Ni ma sau biyu na biya kafin na farga.

Fara wanke ragar tace ƙura, musamman bayan hunturu. In kuma wani sashe ne ya lalace, kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin ya tashi, ba ta da tsada; kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin, shi ne ke cin aljihu.

Batun garanti, ɗauko rasit da katin ka koma inda ka saya kafin kowa ya kwance ta, domin da zarar mai gyaran waje ya taɓa, yawanci an soke. Lalacewa daga hawa da saukar wuta ko kuskuren kafawa ma ba kasafai suke ɗauka ba. In ka ji ƙauri, kashe ta, ka kira ƙwararre.