Amsar tambayar Baffa kan man birkin motar caji

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Baffa, Allah ya ƙara lafiya, na saurari muryarka. Ka ce wanda ya sayar maka da motar nan mai caji ya gaya maka ba ruwanta da kowane irin mai, sai kuma ka buɗe bonet ka ga wata 'yar roba an rubuta DOT a murfinta, shin ita ma ana canja abin da ke ciki?

Ana canjawa Baffa, ana canjawa. Rabin maganar ya gaya maka. Ba fetur, ba juyen baƙin mai, wannan haka yake. Amma birkinta na mai ne, irin dai na Golf ɗin da ke lodi a tashar Ringim. Man birkin ne a cikin robar nan, DOT ɗin kuma da lambar da ke gabansa nau'in man suke nunawa.

Abin da ke rikita mutane, motar caji in ka ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin da ke juya taya shi ke riƙe ta, yana mayar da wuta cikin batir. Shi ya sa birek-fad ɗinta kan yi shekaru bai cinye ba. Sai a ɗauka man ma hutawa yake. To shi man birki ba aiki ne ke kashe shi ba, laima ce. Yana jan danshi kamar gishiri a damina, ta kafar murfin nan da tiyon roba, ko da motar na kwance a zaure ba a tayar da ita ba.

Sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa. In ruwa ya shige shi kusan kashi huɗu cikin ɗari, ya sauko wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Ya tafasa, ya zama tururi, shi kuma tururi matsuwa yake yi. Ka taka feda ta nutse har ƙasa, mota na tafiyarta, Allah ya kiyaye.

Na san wani a nan zai ce mu da ba tudu ba gangare, ina birki zai yi wannan zafin? To ga shi. Ka kwana kana caji, batir ya cika fal, babu inda wutar za ta koma, don haka riƙewar injin nan ta ragu, aiki ya dawo kan birkin mai. Motar kuma nauyi gare ta saboda batir. Ka ɗora iyali da buhun shinkafa, ga zafin watan Afrilu, ga ramuka, ga shanu na tsallaka titi, taka saki, taka saki. Ranar ne ake gane man da ya sha ruwa.

Ni ma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne, tsatsa ce. Ruwan nan yana zama a cikin kalifa, wato abin da ke matse fad a taya, da akwatin ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, yana cin ƙarfe a hankali, ga birkin ba a motsa shi sosai, ga taɓon damina da ke manne masa a hanyar ƙauye. In ka kwance irin wannan kalifar sai ka ga fistin ya kama ƙam, bakinsa ja, mai na fitowa baƙi da tsaki-tsaki. Kalifa dai a samu. Akwatin birkin motar caji kuwa, in ya lalace, nemansa wahala, kuɗinsa kuma ya ninka na man sau ba adadi.

Yawancin kamfanoni duk shekara biyu suke cewa a canja. Tesla ta ce a gwada nata duk shekara huɗu. Littafin motar shi ne alƙali. Amma taka tunda ta hannu ce, ba mu san yaushe aka taɓa ta ba, ni dai shawarata a canja yanzu kafin damina ta sauka. Akwai ɗan abin gwaji da ake tsomawa a robar, in ya nuna ruwa ya kai kashi uku cikin ɗari ba sauran jira. Kada a dogara da kala kaɗai, mai na iya zama garai-garai alhali ya sha ruwa.

Wajen saye, abin da aka rubuta a murfin shi za a nema, a Ƙofar Ruwa ko wani shago da aka yarda da shi, gwangwani a rufe da hatiminsa. Ban da na tsiyaye a kwalba a bakin hanya. Sannan DOT 5 daban, DOT 5.1 daban, ba a haɗa DOT 5 da sauran. Man sitiyari ko na giya kuwa, don Allah ko ɗigo kada ya shiga, robobin ciki kumbura suke. Lita ɗaya galibi ta isa. In ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan take, fenti yake ci.

Sai wanda zai yi aikin. Baffa, kada ka yarda da bilidin ɗin nan, wato fitar da tsohon mai da iska, na taka, riƙe, saki da yaran gareji ke yi. Da yawa daga motocin nan famfon lantarki ne ke matsa man, sai an jona kwamfutar duba mota ta buɗe hanyoyin ciki kafin tsohon mai da iska su fita duka. Wasu ma da ka buɗe ƙofar direba famfon ya tashi, hannun mutum na cikin birki. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa, wuta ce mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, ba a taɓa su, kuma aikin birki bai kai wajensu ba.

In ka ga man ya sauka ƙasa da layin MIN, kada a cika kawai a rufe, ko fad ne ya cinye ko wani wuri na yoyo.

Ka sa yara su ɗauko min hoton murfin da sunan motar su turo nan. In Asabar ta yi maka, ka cika caji ka shigo Kano da safe, zan tanadi man da kwamfutar. A gaishe min da su Inna.